Kwanakin da Muka Hutar da Rijiya

A gidanmu randa biyu ce. Akwai babba a bakin madafa, wadda kowa ke tsoma moɗa, mu da yara da duk wanda ƙishi ya koro. Akwai kuma ƴar ƙarama a ƙuryar ɗakin Inna, a kan yashi mai danshi, rufe da faifai. Wannan ta baƙi ce. Inna takan turara ta da kajiji, ta tace ruwa da farin mayafi, ta bar shi ya kwanta, ta sake tacewa, sannan ta jefa saiwar jema. Ni ce ƴarta ta fari, amma har na yi aure sau ɗaya na san ɗanɗanon ruwan randar nan, ranar da zazzaɓi ya kusa kai ni lahira. Da na warke aka mayar da faifai.

Kawuna, yayan Inna, shi ne mai gari, saboda haka duk baƙon da ya sauka a zaurensa daga gidanmu ake kai masa ruwa da fura. Dogarin sarki, malamin allurar shanu, fataken da hanya ta ɓace wa, duk sun sha. In kawu ya je kasuwar Badaguishiri, mutanen da ba mu ma san su ba sukan ce masa a gai da mai ruwan sanyi. Inna ba ta da zinariya, ba ta da shanu. Wannan gaisuwar ce dukiyarta, kuma ta riƙe ta da hannu biyu.

Abin dariya, garin namu ba garin ruwa ba ne. Muna kan tudu tsakanin Dogarawa da Tajaye, ƙasa ja, duwatsu baƙaƙe, rijiya ɗaya tal da kakanni suka haƙa. Daga tsakiyar damina zuwa kaka tana rufa mana asiri. Da bazara kuwa sai ta zama abokiyar faɗa, kuma ba ta hucewa sai damina ta yi nisa. Tun asuba mata ke kewaye ta, guga ya tafi ya yi ta tafiya, ya dawo rabi ruwa rabi laka. Kafin la'asar kana jin yana bugun dutsen ƙasa, sai a zauna a jira ta tara. A wurin jiran nan zumunci da yawa ya ɓaci. Wata ta taɓa fasa mini tulu a kan wa ya riga wa, ni ma na fasa nata, muka koma gida ba mai ko ɗigo.

Maigidana yakan tafi cin rani Najeriya. Ya ga famfo a can, tun daga nan rijiyarmu ta fita daga ransa, kowace bazara sai ya ce mu tattara mu koma can gaba ɗaya. Ni kuwa in na tafi wa zan bar wa Inna? Mahaifina ya rasu, ƙannena maza sun watse neman abinci tun shekarun babban fari, ita kuma ta rantse ba mai ɗaga ta daga garin da aka binne mijinta. Da labari ya bazu cewa gwamnati za ta haƙa foraj a ƙauyukan yankinmu, irin rijiyar nan ta ƙarfe da ake bugawa ruwa ya fito, sai muka yi magana ɗaya da shi. In foraj ya zo mu zauna. In bai zo ba in bi shi, ba gardama.

Ruwan farko ya sauka ke nan, ana ta gyaran iri, sai ga dogarin sarki a kan tsohon kekensa. Ya ce manyan baƙi masu binciken ruwa za su zo ranar kaza su duba rijiya, a kimtsa. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, don shi ma iyakar abin da aka faɗa masa ke nan. Dattawa suka taru a zauren kawu. Su dai sun san yadda zuwan manya yake. In kumandan, babban jami'in gwamnati, zai zo a share gari, a shafa wa lakwal, wato makarantar boko, farar ƙasa, a ɗaure awaki. Garin da aka samu tsaf shi ake yi wa alheri, wanda aka samu da ƙazanta a yi masa faɗa a wuce. To in baƙin nan suka leƙa rijiya suka ga laka, ai cewa za su yi mutanen nan ko wadda suke da ita ba su iya riƙewa ba, balle ta ƙarfe.

Aka yanke shawara a yashe rijiya, sannan a hutar da ita. Samari suka shiga suka kwashe laka, aka gitta itace a bakinta, aka rufe da zana, aka zaunar da wani tsoho da sanda yana gadi. Ba mai jefa guga sai baƙi sun zo sun tafi.

Na tare kawu a ƙofar gidanmu, na durƙusa na gaishe shi, sannan na ce, "Tau, Kawu, mu sha mi?"

Ya ce, "Ba ga tabki can ya cika ba? Ƴan kwanaki na, ɗiyata. Ku yi haƙuri, kada mu ji kumya gaban mutane."

Tafkin yana cikin kwarin bayan gari. Ruwan farko yakan kwaso duk abin da rani ya bari a tudu ya zuba a ciki, shanu su shiga, mutane su shiga har gwiwa. Da ma masu kiwo ne ke shan sa, sai manoman da gonarsu ke can. A kwanakin nan kuwa gari duka shi ya koma sha. Muka yi ta ɗiba, launinsa kamar kunun kanwa, mu bar shi ya ɗan kwanta, mu sha, mu tuƙa tuwo, mu ba yara. Na yi mita har bakina ya gaji, amma mitar nisa ce da santsin hanya, ban ga wani abu bayan wannan ba. Inna kuwa ta tura jaki har wata rijiyar fadama aka ɗauko mata ruwan ƙaramar randa.

Ranar da aka sa, da hantsi, motoci suka hawo tudu. Akwai bature ɗaya da rana ta gasa wa wuya, da ƴan ƙasa biyu, da tafinta. Aka kai su bakin rijiya, aka yaye zana. Mu mata muna bayan maza, amma na kutsa na leƙa. Wallahi fuskata na gani. Tun da nake ban taɓa ganin fuskata a rijiyar nan a irin wannan lokaci ba. Ruwa ya taso, garau, har gajimare na yawo a ciki. Wata ta rangaɗa guɗa, muka amsa, ni ma da bakina.

Baƙi suka zura wata igiya mai ƙarfe a baki, suka duba inda ta jiƙe, suka cika kwalabe, suka rubuta. Bature ya yi ta gyaɗa kai. Ɗaya daga cikin ƴan ƙasar, dattijo mai tabarau, ya juya wajen kawu.

"Mai gari, kullum haka take?"

"Alhamdu lillahi," in ji kawu.

"Mata na shan wuya wurin ɗiba?"

"Sai godiya ga Allah."

"Ciwon ciki hwa, ko kurkunu?"

"Lahiya lau muke, ranka shi daɗe."

Kawu bai yi ƙarya ba, a ganinsa. A wurinmu ba a tarbar baƙo da kuka. Ko gawa ce kwance a gida, in aka ce ina gajiya, sai ka ce babu. Wanda ya san mu zai sake tambaya, ya zauna, a ci a sha, ya sake, sannan maganar gaskiya ta fito da kanta. Su kuwa garuruwa ne jere a gabansu, tambaya ɗaya amsa ɗaya suka rubuta. Mu mata ba wanda ya kira mu, kuma da an kira ni, lafiya lau ɗin nan zan ce.

Aka koma zaure. Inna ta aika da fura da ruwan ƙaramar randa. Bature ya sha ya nemi ƙari, tafinta ya ce wai tun da ya shigo ƙasar nan bai sha ruwa mai daɗin wannan ba. Aka kawo wa Inna maganar har madafa, ranar ko ƙasa ba ta takawa don daɗi. Da azahar baƙi suka miƙe za su wuce, kawu ya riƙe ƙofar mota ya ce sam, rago na kan wuta. Suka yi ta duba agogo, shi kuma ya yi ta rantsuwa. Sai da rana ta yi sanyi sosai suka samu kansu, suka gangara garin da ke ƙasanmu a cikin kwari. Mutanen garin nan abokan wasanmu ne tun kaka da kakanni, rijiyarsu biyu, har da lambunan albasa. Washegari aka buɗe mana tamu, kafin la'asar ta koma lakarta.

Damina ta wuce, aka yi kaka, muna jira. Wata rana da rani ina daka sai na ji ruri daga nesa, irin wanda ba mu saba ji ba. Yara suka kwasa a guje suna ihun foraj. Na yar da taɓarya na bi su, zane a hannu. Manyan motoci ne ɗauke da dogayen ƙarafa, suna tafe a hankali. Mata suka fara guɗa. Motocin suka iso mararrabar da ke gindin tudunmu, suka rage gudu, sannan suka karya suka gangara kwari. Guɗar ta mutu a bakin masu ita. Muka tsaya cirko-cirko muna kallo, wata tana cewa ƙila juyowa za su yi, har rurin ya ɓace.

Ranar kasuwa matan garin kwari suka same mu, suna dariya har da riƙe ciki. Ashe su kam, dogari bai ma kai musu saƙo ba, kekensa ne ya lalace a hanya. Baƙi suka faɗo musu da yamma liƙis, an gama shayar da shanu da lambu, rijiyoyin duka biyu an ƙwaƙule su, mata na dambe a kan guga. Ko fura ba su samu sun ba su ba, suka kwana da kunya. Wata mai bakin tsiya a cikinsu ta dafa kafaɗata ta ce, "Ku kunka ba su rago, mu munka ba su haushi. Ga abin da kowa yas samu." Da ba wasa ke tsakaninmu ba, da na ci kwalarta a tsakiyar kasuwa.

Kawu ya saka babbar riga ya tafi buro, ofishin gwamnati da ke Illela, ya ji ba'asi. Ya dawo da la'asar, maza suka cika zaure, mu muka taru a bayan darni muna saurare. Ya daɗe yana gyaran murya.

"Sun ce binciken da anka yi ya nuna rijiyammu na cikin masu kyawu a ƙasag ga dut. Sun ce foraj na waɗanda ba su da ruwa na."

Wani tsoho, don sabo, har ya ce madalla. Ni kuwa a nan na gane. Ashe masu ƙishi suka zo nema. Mu kuma muka ɓata kwanaki muna goge duk wata alamar ƙishi, muka yanka rago a kai, muka tsare su har suka je suka tarar da maƙwabtanmu a daidai lokacin da rijiya ta fi muni. Na tsaya a bayan darnin nan baki buɗe, na rasa wa zan zaga.

Ban san lokacin da na faɗa ɗakin Inna ba. Tana zaune tana tsince wake.

Na ce, "Inna, kin ji abin da randakki taj jawo muna?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ni ban yi ma kowa ƙarya ba. Baƙo yaz zo, na ba shi ruwan baƙo. Kina so in ba bature laka?"

"Da kin ba shi laka, da yanzu ƙarhe na tsaye cikin garin ga!"

"In foraj sai da tonon asiri, a bash shi."

Na fita a fusace, har na yi tuntuɓe da turmi. A daren nan maigidana bai yi dogon zance ba. Ya ce mu noma damina mai zuwa, in an cire amfani mu kama hanya. Magana tawa ce, ba ni da bakin musu. Daga ranar duk sanda na kalli Inna sai in ga tsohuwar da zan bari ita kaɗai da igiyar guga, haushinta da tausayinta su haɗu mini.

Damina ta zagayo. Ruwan shuka ya sauka ke nan na fara jin ƙaiƙayi a idon sawuna, wurin ya yi ƙurji, ya kama zafi kamar an ɗora garwashi. Da ya fashe sai ga farin zare ya leƙo. Kurkunu ba baƙo ba ne a wurinmu, kowace shekara yakan kwantar da ƴan masu kiwo. Amma wannan karon gida-gida ya bi. Maza, mata, yara, liman, kawu kansa. Kowa na zaune da tsinke yana naɗe tsutsa kaɗan-kaɗan, don in ka ja da ƙarfi ta tsinke, ka shiga uku. Ruwa na sauka, ƙasa na ƙamshi, ba mai iya miƙewa ya kama hauya. Gonaki suka zama na ciyawa muna kallo daga bakin ƙofa.

Na maigidana a gwiwa ya fito, kuma ya tsinke a ciki. Ƙafar ta kumbura ta yi kamar turmi, ya kwanta har aka yi kaka. Da ya tashi, gwiwar ta ƙi lanƙwasawa, har yau kuma ba ta lanƙwasa ba. Tafiyar Najeriya a nan ta mutu. Na zauna kusa da uwata, amma ba ta wannan hanya na roƙi Allah in zauna ba. A gari kuwa kowa da abin da yake faɗa, wasu su ce maita ce, wasu su ce bakin mutanen kwari ne.

Likitan da ke garin kasuwa ya gaji da ganin amalanke daga garinmu, ya kai maganar gaba. A can aka rasa gane kanta: garin da bincike ya ce ya fi kowa ruwa mai kyau, shi ya fi kowa kurkunu. Shi ya sa wata rana da tsakar rana, muna cikin jinyar nan, mota ɗaya ta hawo tudu ba sanarwa. Mace ce ta fito, yarinya sa'ata, ƴar birnin Tawa, Hausarta irin tamu. Ta gai da kawu a kan tabarmar jinyarsa, ta ce tana son shiga wajen mata. Aka kawo ta gidanmu, tun da nan ne masaukin baƙi. Inna ta ruɗe, ta shige ɗaki shirya ruwa. Mata suka yi ta shigowa suna ɗingishi.

Baƙuwar ta ce, "Ina lahiyakku?"

Muka haɗa baki, "Lahiya lau."

Ta dubi ƙafafunmu da ke naɗe da tsummoki, ta yi ƴar dariya. Ta sake gaishe mu, ta tambayi yara, ta tambayi gona, ta miƙe ƙafa a kan tabarma kamar wadda ba ta da wurin zuwa. Can sai ta fito da wata kwalba, ta ce ruwan tafkinmu ne ta ɗebo a hanya. Ta ɗaga ta a hasken rana ta ce mu matso. Wasu ƴan mitsi-mitsin abubuwa ne a ciki suna ta zillo. Ta ce a cikinsu ƙwan kurkunu yake, masu ciwon ne ke zuba shi in sun shiga tafki, wanda ya sha kuma ba ya jin komai, tsutsar tana kwance a jikinsa tana girma, sai shekara ta zagayo ta nemi hanyar fita.

Sannan ta ce, "Tau ku tuna mini. Bara warhaka, wane ruwa kunka sha, gari dut?"

Nan take abin ya dawo mini. Na ga ruwan farko, na ga zana a bakin rijiya, na ga tsohon nan da sandarsa yana kora mu. Wata ta saki salati. Wata tsohuwa ta fara bugun cinyarta tana cewa wayyo mu, wayyo mu. Ni kuwa na dubi idon sawuna, na tuna gwiwar maigidana, na ji kamar in kurma ihu. Rasa foraj na ɗauka shi ne iyakar abin da muka yi wa kanmu, ashe da hannunmu muka ɗura wa ƴaƴanmu wannan masifa don a ce mun iya baƙi.

Ni na ba baƙuwar labarin. Ta dafe baki.

"Kun hutad da rijiya? Kahin a auna ta?"

Sai da na maimaita. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi mana faɗa ba. Ta ce waɗancan sun auna abin da aka nuna musu daidai, ba su yi ha'inci ba. Gyaran yana ga yadda ake aikin: a aiko da sanarwa, a zo da hantsi a auna sau ɗaya, a tambayi zaure a wuce. Ta ce wa ya sani ko garuruwa nawa aka tsallake a haka. Za ta kai maganar Tawa, daga can ta wuce Yamai, amma manya ba sa canja tsari don labarin baka, sai ta je da ruwan da muke sha na gaskiya.

A daidai nan Inna ta fito da kwanon shanta mai murfi, wanda ba ya sauka daga jere sai don baƙo. Duk abin da aka faɗa ta ji daga ɗaki. Ta ajiye, ta buɗe, ƙamshin jema ya tashi. Baƙuwar ta daɗe tana duban ruwan.

"Inna, irin wanga anka ba waɗancan?"

"Shi na."

"Ki yi haƙuri ki maishe shi. Ki ɗebo mini wanda jikokinki ka sha."

Inna ta ce, "Ɗiyata, wancan ba na baƙo ba na."

"Shi nika so, Inna."

Na yunƙura zan tashi in ɗebo, Inna ta ce, "Zamna." Ta ɗauki kwanon ta koma ɗaki ta juye ruwan a ƙaramar randa. Ta fito da shi wayam, ta nufi bakin madafa, mata duka na binta da ido. Ta tsoma moɗa a babbar randa. Ɗiban la'asar ɗin jiya ne, ja wur, da ƴan tsinkaye a sama. Ta cika kwanon, ta riƙo shi da hannu biyu, ta zo ta durƙusa a gaban yarinyar da ta haifi sa'arta. Ta miƙa mata.

Baƙuwar ta tambaya ko na rijiya ne ko na tafki, aka ce na rijiya. Na ɗauka kai tsaye za ta juye a kwalba. Amma ƴar ƙasa ce, ta san ba a karɓar ruwa daga hannun babba a ƙi kai shi baki. Ta yi bisimilla ta kurɓa. Na ga yadda maƙogwaronta ya yi kokawa da shi, na ga ta goge yashi daga leɓenta da gefen gyale. Ta ce ta gode, sannan ta juye sauran a wata kwalba.

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Ranar da mahaifina ya rasu ban ga hawayenta ba, don kunyar idon mutane. Ranar nan kuwa kuka ta yi a tsakar gida, kafaɗunta na girgiza, gaban matan gari duka. Duk faɗan da na tanada mata tun shekarar da ta wuce ya zube. Baƙuwar ta tashi ta tafi bakin rijiya ta zauna har guga ya fara bugun dutse, daga can ta shiga mota.

Da bazarar da ta biyo baya masu awon ruwa suka dawo, ba dogari, ba sanarwa. Suka kafa rumfa kusa da rijiya suka kwana biyu tare da mu, suna aunawa da asuba, suna aunawa da la'asar, suna bin mata da tambaya. Ranar da suka iso, kawu ya leƙo gidanmu yana jan ƙafa, ya rage murya ya ce ko a ɗan rufe rijiyar zuwa gobe ta kwanta, don dai kada abin ya yi muni da yawa. Na buɗe baki, amma Inna ta riga ni, ita da ba ta taɓa mayar masa da magana ba.

"Yaya, bat ta su gani. Abin da za mu ɓoye ya riga ya hita ta ƙahwahummu."

Daga baya likita ya faɗa mana cewa haka aka koma yi a yankin duka. An daina aika sanarwa, an daina tsayawa a zaure kawai, garuruwan da kurkunu ya fi kamawa su aka sa a gaba, aka kuma raba mana ƙyallen tace ruwa. Ya ce maganar garinmu na cikin abin da ya jawo haka. Wannan suna kam ba irin wanda kawu ya so mu yi ba ne.

Foraj ya zo. Motocin suka iso mararraba, ba wadda ta yi guɗa sai da muka ga sun hawo tudu. Ranar da ruwa ya fito, maigidana na tsaye da sandarsa yana kallo. Mata na ta turereniya da tuluna, sai ga Inna tafe da ƙaramar randa a ka, ta wanke ta, ta turara ta. Aka buɗe mata hanya. Ta cika, sannan ta tambayi ma'aikatan ko yarinyar nan ƴar Tawa za ta zo buɗewa. Suka ce ba su san ta ba. Likita ya ce ya ji an mayar da ita aiki can gabas.

Inna ba ta yarda cewa yarinyar ba za ta dawo ba. Kowace safiya sai ta zubar da ruwan jiya na ƙaramar randa ta sake sabo, ta jefa jema, ta rufe da faifai. In ta ji ƙarar mota a gindin tudu sai ta ce in leƙa in gani. Baƙi sun ci gaba da zuwa suna sha suna yabawa, amma yabon ya daina shiga kunnenta. Na sha ce mata yarinyar nan ba ta riƙe ta da komai ba, ita ma ta roƙa. Sai ta ce ni ban gane ba, baƙuwa ta shigo gidanta da ƙishi, ta fita da yashi a baki.

A ciwonta na ƙarshe ni ke jinyarta. Wata rana da azahar leɓenta ya bushe, ta nemi ruwa. Ƙaramar randa na nan kusa da kanta, na ɗaga faifai na ɗebo a kwanon nan mai murfi, na tallafo ta na kai mata baki. Ta ji ƙamshin jema, ta kauda kai.

"Ɗebo mini na babbar randa," ta ce. "Wanga na yarinyag ga na. Ba ta sha ba tukuna."